Birkina ya yi laushi, sai na taka sau biyu yake kamawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Kwana biyun nan birkin motata ya yi laushi. In na taka sai ƙafata ta nutse kusan ƙasa, sai na ɗaga na sake takawa sannan ya kama. Da motar nake kai yara makaranta, abin ya hana ni sukuni. Na buɗe kofin man birki na ga ya ragu, wani ya ce in cika shi da ruwan sabulu ko man giya, wai duk aiki ɗaya suke yi. Ina ɗan taɓa gyara da kaina kuma ina da kayan aiki. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da ajiye motar. Kada yaran nan su sake shigarta sai an gano inda man yake tafiya. Birkin da sai an taka sau biyu yana jiran ranar da ba za ka sami damar taka na biyun ba.

Tunda hannunka ya san sifana, ga gwajin da za ka yi kana zaune a kujerar direba. Kashe injin, ka tattaka birkin sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, sannan ka danne shi ka riƙe na kamar rabin minti. In tattakawar ta sa ya taso ya tsaya cak, mafi yawa iska ce a cikin bututu, ko kuma takalman birkin baya sun yi nisa da diram (kwanon ƙarfen da suke gogawa ta ciki) in motarka mai diram ce. In kuwa kana riƙe da shi yana sulalewa ƙasa a hankali, mai yana gudu ta wani wuri. To sai ka koma kofi. In man yana raguwa, yoyon na waje ne: cire tayoyin ɗaya bayan ɗaya ka duba cikin taya, bayan diram, bakin tiyo da bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota. Kada ka manta da bayan masta (famfon da ke ƙarƙashin kofi, mai tura mai zuwa tayoyi), inda take haɗe da sabo (servo, gangar da ke ƙara wa takawarka ƙarfi), don tana iya zubar da mai cikin sabon ba ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. In man bai ragu ba amma birkin yana nutsewa, robobin cikin masta ne suka mutu, man yana zagayawa ta gefensu. Ka kuma sa wani ya taka da ƙarfi kai kana riƙe da tiyon roba na kowace taya. Wanda ya kumbura a hannunka ya gama aiki.

Raguwar mai kaɗan-kaɗan cikin watanni ba laifi ba ce, takalmin birki in yana cinyewa man yana bin fistin ya sauka. Amma raguwa tare da laushi cikin ɗan lokaci, wannan yoyo ne har sai ka tabbatar ba shi ba ne.

Yanzu maganar mai ba ka shawara. Wallahi na gaji da wannan magana ta ruwan sabulu, kullum sai an kawo mota an buɗe kofi ka ga kumfa. Abin da ya sa ƙaryar ta ƙi mutuwa shi ne ranar farko tana aiki. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka in ka zuba ka taka, birki zai kama, mai zubawa ya buga ƙirji ya ce ka gani. Ya shafa ruwan a yatsa ya ji santsi, shi ke nan a wurinsa ya zama mai. Abin da bai sani ba, ko ya sani bai damu ba, shi ne zafi. Aikin birki mayar da gudun mota zafi ne, kuma zafin nan yana ratsa takalmi da fistin ya isa ga man. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Sabon man birki mai lambar inganci DOT 3 ba a yarda ya tafasa ƙasa da digiri 205 ba, DOT 4 kuwa 230. Da ruwan ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa kamar iska, sai ka taka birki ya tafi ƙasa fayau babu abin da ya kama. Kuma ba a cikin gari kana tafiya a hankali hakan ke faruwa ba, sai a doguwar gangara, mota cike da mutane, lokacin da ka fi bukatarsa. Bayan an yi haɗari motar ta huce, tururin ya koma ruwa, a zo a taka birki a ji shi da tauri, a ce ai direba ne ya yi ganganci.

Ko man gaskiya ma yana zuƙar laimar iska da kansa. In ruwan da ya sha ya kai kusan kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin tafasar DOT 3 yana saukowa zuwa digiri 140, na DOT 4 zuwa 155. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa suke cewa a canza shi duk shekara 2, shi ya sa kuma ba a amfani da ragowar man da aka bar kwalbarsa a buɗe. Masu ƙera mota suna fama da ɗan ruwan da ke shiga ba da gangan ba, wani kuma ya ɗauko kofi guda ya tuttula da hannunsa. Ga tsatsa da za ta ci fistin da cikin masta, in motar tana da ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi) a nan ne za ka ji kuɗin gyara.

Man giya, man sitiyari da baƙin mai nasu ya fi muni. Robobin birki ba a yi su don man da aka samo daga fetur ba, suna shansa su kumbura su yi laushi. Alamar farko, robar murfin kofi za ta buɗe ta ƙi komawa mazauninta. Daga nan ko dai birkin ya riƙe taya ya ƙi saki, ko ya daina kamawa gaba ɗaya. In har an riga an zuba, wanke bututu kawai bai isa ba, duk abin da ke da roba a layin sai an canza shi. Abin da aka rubuta a murfin kofinka shi za ka saya, a rufe da hatiminsa. DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 danginsu ɗaya. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su, kada kusancin lambar ya ruɗe ka.

In ka gyara yoyon, saura fitar da iska, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai ke riƙe da ita. Sa siririn tiyo mai gani-har-hanji a bakin ƙaramin notin fitar da iska, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Abokin aikinka ya tattaka ya danne, kai ka sassauta notin, mai da kumfa su fita, ka ɗaure kafin ya ɗaga ƙafa. In ya riga ka ɗagawa, iska ta koma. A maimaita har man ya fito garau babu kumfa. Yawancin motoci ana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta a ƙare da ta kusa, amma wasu tsarinsu daban, duba littafin motarka. Ka riƙa leƙa kofi, in ya ƙafe aiki ya dawo sabo. Ni nakan sa guntun katako a ƙarƙashin abin takawar in motar ta kwana biyu, don kada fistin masta ya wuce inda ya saba kaiwa ya shiga wurin da ya yi tsatsa ya yage roba. Man da ya ɗiga a jikin mota a wanke nan take, yana cin fenti.

In an taɓa cire kalifa (ƙarfen da ke matse takalmi a jikin faifan birki), duba notin fitar da iskar yana sama ko ƙasa. Akan musanya ta dama da ta hagu, notin ya koma ƙasa, iska kuma sama take taruwa, ko ka ƙarar da kwalba uku ba za ta fita ba.

Iyakar aikin gida ke nan. In iska ta shiga cikin na'urar ABS, motoci da yawa sai an jona musu kwamfuta ta buɗe bawul ɗin kafin ta fita. Bututun ƙarfe da ya yi tsatsa canza shi ake yi, ba a naɗe shi da roba, ba a kuma toshe layin taya ɗaya a ce sauran ukun sun isa. Ka ji tsoron Allah a kan rayukan da kake ɗauka da na masu tsallaka titi, shi ma mai ba ka shawarar ka gaya masa haka. Bayan gyara, ka gwada birkin a fili babu kowa, da ƙaramin gudu, ka sake danne shi rabin minti. In ya sulale ko kaɗan, a ja motar zuwa gareji, kada a tuƙa ta.