Inna ta daina barci tun da riƙon jikoki ya dawo kanta

Tambaya: Likita, yayata ta rasu wajen haihuwa ta bar yara huɗu har da jaririya. Innarmu mai shekara 65 ce ke riƙe da su a ƙauye, uban yana Legas yana acaɓa. Yanzu Inna ba ta barci, ta rame, tana kuka tana magana ita kaɗai. Mutanen gari sun ce iska ce. Ya zan yi?

Amsa: Allah Ya jiƙan yayarki. Abin da kika zayyana ya fi kama da ciwon damuwa. Uwa ce da aka binne mata ɗiya, kafin a watse daga sadakar bakwai ta koma goyo, da dama koko, da tashin tsakar dare. Jikan da take tsokana da "maigidana" yau ita ce mai tsawata masa. Biki da suna sun gagare ta, ƙawaye sun janye.

Maganar iskar nan ita ke ci mini rai, don kullum sai na gamu da ita. A kai tsohuwa wurin boka, a turara ta da hayaƙi har ta shaƙe, a karɓe akuyar da yaran ke shan nononta. In ba ta warke ba, a ce aljanin mai taurin kai ne. In jika ɗaya ya kwanta zazzaɓi, sai raɗe-raɗi ya juya, a ce mayya ce, ita ta cinye 'yarta. Na ga tsofaffin da wannan kalma ta hana su fita ko bakin rijiya. Wasu kuma su sayo mata diazepam, ƙwayar sa barci, a kemis, ta tashi da jiri ta faɗi ta karya ƙugu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ku haɗa biyun.

Ki kai ta a auna jininta da suga, a duba ƙarancin jini, sannan ta ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Sakkwato, Barnawa ta Kaduna da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano. Idan ta fara cewa gara ta bi 'yarta, kada ku kwana ba ku je ba.

Sai uban yaran. A mazhabar Malikiyya kaka ta wajen uwa ce ke da haƙƙin riƙo, amma ci da tufafi da magani wuyansa suke. Ku sa manya su kira shi, a yanka abin da zai riƙa turowa duk wata. Ke kuma ki samo wadda za ta riƙa kwana da jaririyar, Inna ta samu barci.