Aminiyar 'yata tana cikin damuwa, tawa ma ta fara canzawa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta 15. Tun da auren iyayen aminiyarta ya mutu, kullum suna kan waya har tsakar dare, waccan tana kuka. Yanzu tawa ta rage cin abinci, ta daina hira da mu, karatunta ya ja baya. In raba su? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yi saurin raba su.

Zama da maɗaukin kanwa yana kawo farin kai, gaskiya ne, amma 'yarki ba mugun hali take kwasa ba, kayan da ya fi ƙarfin wuyanta ta ɗauka. A 2002 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Amanda Rose, ta bayyana irin wannan: ƙawaye biyu su yi ta juya matsala ɗaya, yau ita gobe ita, babu maganar mafita. Shaƙuwa tana ƙaruwa, damuwa ma tana ƙaruwa, kuma an fi ganinsa ga 'yan mata. Ga shi sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abu ya taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. 'Yar 15 ba ta san inda za ta ce "nan ƙarfina ya ƙare" ba.

Idan kika hana su, za ta ga ta ci amanar ƙawarta a lokacin da ta fi bukatarta, sai ta koma yi a ɓoye. Gara ki jawo ƙawar gida, ta ci tuwonku, ta san akwai babba mai sauraronta. Wannan zai sauke wa 'yarki rabin nauyin.

Barci kuwa ba na sassauci a kansa. Mai shekarunta tana bukatar awa 8 zuwa 10, don haka wayar ta riƙa kwana a ɗakinki. Ki kuma gaya mata a fili cewa idan ƙawar ta ambaci kashe kanta ko yi wa jikinta rauni, wannan ba sirrin riƙewa ba ne, a daren za ta sanar da ke, ke kuma ki nemi iyayen.

Idan 'yarki ta wuce mako biyu a haka, ki kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.