Hukuncin Sayar da Lasisin Manhajar Kwamfuta ga Wani

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da shagon kwamfuta a Samaru, muna buga wa ɗalibai takardu da kundin kammala karatu. Kuɗin man janareta ya fi ƙarfina, zan rufe in kama wata sana'a. Ina da mabuɗan kunna manhajar Microsoft Office guda uku. Ɗaya na saya a kwalinsa wurin dila, ban taɓa sa shi ba. Na biyu shi nake aiki da shi. Na uku wani yaro ne ya turo min ta WhatsApp a kan 'yan dubbai, shi ma yana ajiye. Akwai kuma Windows da ta zo da kwamfutata, da manhajar zane ta AutoCAD da ƙanina ya samu yana ɗalibi, yanzu ya gama. Wani malami a unguwarmu ya ce duk abin da na biya kuɗina nawa ne, sharaɗin kamfani na hana sayarwa ɓatacce ne. Zan iya sayar da su in rage bashi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya musanya maka da mafi alheri, ya warware maka bashin nan.

Ɗan'uwa, abu biyar ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma na lura kana jingina da cewa ba ka yi amfani da wasunsu ba. Wannan ba ya canja hukunci sosai. Abin dubawa shi ne ta wace ƙofa kowanne ya shigo hannunka, da abin da ka amince da shi ranar da ya shigo.

Cewa manhaja dukiya ce mai haƙƙi, an gama wannan magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haƙƙin ƙirƙira da na wallafa a zamanta na Kuwait a 1988, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma tana kare manhajar kwamfuta.

Wanda ke kwali, sayar da abinka, halal ne. Ka miƙa kwalin da rasit da katin nan mai baƙaƙe da lambobi 25, kada ka bar hotonsa a wayarka. Windows da ta zo da kwamfuta daga masana'anta lasisinta a jikin na'urar yake, in ka sayar da kwamfutar ta bi ta, amma ba ka da ikon zare mabuɗin ka sayar daban. AutoCAD na ƙaninka kuwa kamfanin Autodesk kyauta yake ba ɗalibai don karatu kawai. Ba a sayar da shi, kuma ka gaya masa ko zanen gida na kuɗi bai halatta ya yi da shi ba.

Wanda kake aiki da shi, ka karanta sharuɗɗansa. In sun buɗe hanyar miƙa wa wani, ka bi ta, ka goge shi daga na'urarka kafin ka karɓi kuɗi. Sai dai irin wannan Office yakan maƙale da asusun Microsoft na wanda ya fara kunna shi, shi ya sa wasu ke sayar da asusun gaba ɗaya da kalmar sirrinsa. Ban ba ka shawarar haka ba. Imel ɗinka ne, da sunanka, duk abin da mai saye ya aikata da shi kai za a nema. Ka riƙe shi, sabuwar sana'ar ma za ta buƙaci lissafi.

Inda na tsaya na daɗe shi ne na WhatsApp. Ka ambace shi a gurguje, alhali shi ne mafi nauyi. Office na kasuwanci na 2021 kamfanin ya sa masa kusan dala 250. Ta yaya zai faɗo hannun yaro ya sayar da shi a kuɗin buhun gawayi? Da yawa daga irin waɗannan mabuɗai an tsamo su ne daga lasisin jimla da aka sayar wa wani kamfani ko makaranta don ma'aikatansu. Yau ya yi aiki, bayan wata uku a toshe shi, mai saye ya zo yana nemanka a Samaru ya tarar da shago a kulle. Annabi (SAW) ya ce wa Hakim ɗan Hizam kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa, kai kuma ba ka da tabbacin wannan mabuɗi naka ne. Ka nemi yaron ya nuna maka inda ya samo shi. In ya kasa, ka nemi kuɗinka, in ba su fito ba ka haƙura. Ko ka bayyana wa mai saye gaskiyar lamarin, bayanin zai fitar da kai daga algus ne kawai, ba zai mayar da kayan wani naka ba.

Yanzu maganar malamin unguwarku, Allah ya saka masa da alheri. Ba daga kansa ya ƙago ta ba. A Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, Shehu Khalil ya lissafa cikin cinikin da aka hana wanda aka haɗa da sharaɗin da ke warware manufar ciniki, ya ba da misali da a ce wa mai saye kada ya sayar. Duk wanda ya zauna zauren karatu a cikin birnin Zariya ya ji wannan wuri. Amma ɗora shi a kan mas'alarka yana da matsala ta fuska fiye da ɗaya.

Wancan hukunci yana magana ne a kan wanda ya mallaki ainihin kaya, kamar doki ko gida. Kai ba ka mallaki Office ba, har gobe ta kamfanin ce, miliyoyin mutane na aiki da ita lokaci guda. Izinin amfani ka saya. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya bambance a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin mallakar amfanin abu da mallakar izinin amfanuwa da shi. Mai na farko yana iya amfana da kansa, yana iya ba wani da kuɗi ko kyauta. Mai na biyu shi kaɗai aka yarje wa, kuma cikin misalansa har da ɗakunan makarantu na waƙafi. Ka san wannan a aikace: ɗalibin da aka ba gado a ɗakin kwanan makaranta ya biya kuɗi, amma in ya sayar wa wani da gadon kowa ya san ya yi ba daidai ba, don da sunansa aka ba shi. Lasisin ɗalibi irin wannan ne sak. Lasisin kwali ya fi kusa da kashin farko, shi ya sa na halatta maka shi.

Sannan ko mun sallama wa malam cewa ciniki ne na ainihin kaya, sakamakon da ya fitar ba shi ne na mazhabar ba. A wurin Malikiyya irin wannan sharaɗi cinikin yake ɓatawa, sai in wanda ya gindaya shi ya janye. Wato hujjar tasa, in an bi ta har ƙarshe, cewa za ta yi a warware ciniki ka mayar da kaya, ba ta ce ka riƙe kaya ka yi watsi da sharaɗi ba. In kuma hadisin Barira yake nufi, baiwar da Nana A'isha ta saya ta 'yanta bayan masu ita sun gindaya sharaɗin wala'inta (alaƙar gado tsakanin 'yantacce da wanda ya 'yanta shi) ya zama nasu, can an soke sharaɗin ne don ya ci karo da hukuncin da shari'a ta riga ta yanke a kan wala'i. Wane nassi ne ya ci karo da a ce wannan kyauta ta ɗalibai ce kaɗai? Babu. Sai a koma ga asali, Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wanda zai ce ai kamfanin na waɗanda ba Musulmi ba ne, ayar farko ta Suratul Ma'ida da ta ce a cika alƙawura ba ta ware kowa ba.

Zan yi wa malam adalci a wuri ɗaya. Lasisin dindindin da aka biya sau ɗaya yana kama da ciniki ƙwarai, har alƙalan Turai da Amurka ma sun saɓa a kansa. A 2012 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar kamfanonin UsedSoft da Oracle, ta ce wanda ya sayi irin wannan lasisi yana iya sayar da shi ko kamfani bai so ba, muddin ya daina amfani da nasa kwafin. A 2010 kuwa wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke akasin haka a kan wani mutum da ke sayar da tsofaffin faya-fayan AutoCAD. Amma hukuncin Turai na ƙasashensu ne, kai abin da ya ɗaure ka shi ne yarjejeniyar da ka danna ka amince, ko da ba ka karanta ba. Irin na biyan wata-wata ko shekara-shekara, kamar Microsoft 365, wannan haya ce a fili, babu mai cewa ciniki ne.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi damuna da mabuɗan. Kwamfutocin shago irin naka cike suke da amanar mutane: hotunan fasfo na 'ya'yan jama'a, takardun NIN, sakamakon jarrabawa, kundin da ɗalibi ya sha wahalar shekara yana rubutawa. Jefa su kwandon shara na kwamfuta bai isa ba, mai gyara yana iya dawo da su. Ka sa wanda ya iya ya share rumbun gaba ɗaya a gabanka kafin na'ura ta bar shagon. In akwai wanda ya bar aikinsa bai karɓa ba, ka kira shi tukuna.

Batun bashi kuma, kada ka jira sai ka sayar da kaya sannan ka fuskanci masu shi. Ka je da ƙafarka ka gaya musu za ka rufe, ku sa lokaci, a rubuta. Kuɗin kwalin nan da na kwamfutoci su fara shiga hannunsu kafin jarin sabuwar sana'a.

Allah ne Mafi sani.