Shin Ganga Tana Magana? Amsa Kan "Take"

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya: "Malam, mun yi gardama da abokina. Shi ya ce kiɗa amo ne kawai mai daɗin ji, ba ya nufin komai. Ni kuma na ce ganga tana magana. Wa ke da gaskiya, kuma mene ne take?"

Malam, Allah ya saka da alheri. Take gajeriyar magana ce ta yabo ko zuga da ake kaɗa wa mutum ko masu wata sana'a da ganga, ko a busa da algaita ko kakaki. Kirari kuwa da baki ake yin sa. Sarki yana da takensa, ɗan dambe da ɗan tauri ma haka. Da zarar an kaɗa, mai shi ya san da shi ake, tsumi ya motsa.

Yadda abin ke yiwuwa shi ne, Hausa harshe ne mai karin sauti. "Kuka" na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, "kuka" ta miya kuwa gaɓar ƙarshe ƙasa take sauka. Mai kalangu yakan matse igiyoyin da hammatarsa amo ya hau, ya sassauta amo ya sauko. Da haka yake bin hawa da saukar magana, har da tsawon gaɓa.

Amma a lura, kalangu ba shi da baƙi, ba shi da wasali. Kari kaɗai yake ɗaukowa, kuma jimloli da yawa suna iya zama kan kari ɗaya. Don haka sai wanda ya riga ya san taken ne zai ji kalmomin. Baƙon da bai taso a wurin ba, amo zai ji, ya yi rawarsa ya wuce. A nan abokinka yake da tasa gaskiyar, domin akwai taushin goge ko gurmi da babu wata magana a bayansa, ga shi kuma yana ratsa zuciya.

Ni dai a ganina ka fi shi hujja idan kan kiɗan Hausa kuke gardamar. Abin da ke damuna shi ne masu jin take suna raguwa. Idan akwai tsohon makaɗi a unguwarku, ku je ku biyu ya kaɗa muku, ya kuma faɗa muku da baki abin da gangar ta ce.