Zakkar zinariya da ginin azuzuwan lakwal

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, ina sayen zinariya a hannun masu haƙa. Na fara a Ɗan Isa lokacin da ta fito, yanzu kuma yarana suna can arewa wajen Agadas. Ina cikin komitin iyaye na lakwal (makarantar boko) ɗin unguwarmu, inda ƴaƴana uku ke karatu. Har yau aji huɗu rumfar zana ne, kuma tun gobarar nan gabana faɗuwa yake duk lokacin da hunturu ya taso. Kullum muna jin zancen gyaran makarantu a rediyo, amma bai iso gare mu ba. Na yi niyyar in haɗa zakkata ta bana in gina aji biyu na siminti. Wani malami ya ce ya halatta, yana cikin fi sabilillahi. Wani kuma ya ce humusi, wato ɗaya bisa biyar, ma ya kamata in fitar, tunda daga ƙasa take fitowa. Yadda nake aikin shi ne, ina ba masu rami kuɗin abinci da na man inji tun kafin su shiga, mu yanke farashin giram, idan sun samu su biya ni da zinariya. Nawa ne a kaina, kuma zan iya ginin da shi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, faɗuwar gaban da kake ji shaida ce mai kyau a kanka. Babu Bamaraɗen da ya manta makon nan na watan Nuwamba 2021. Ranar 7 ga wata rami ya rufta da masu haƙar zinariya a Garin Liman, cikin ƙasar Ɗan Isa, aka fitar da gawa 18. Washegari wuta ta kama azuzuwan zana a cikin garin nan, yara fiye da 20 suka rasu, ƴan shekara biyar da shida. Allah ya jiƙansu. Tambayarka ta haɗa ramin da rumfar wuri guda, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Amma ba daga inda ka fara zan fara ba. Jimlar da ka sa a ƙarshe, kamar ƙarin bayani, ita ce ta fi nauyi a duk wasiƙar. Ka ce kana ba da kuɗi yau, a yanke farashin giram, zinariya ta zo daga baya. Wannan ciniki bai halatta ba. Zinariya ba kamar gero ko wake ba ce da za a biya kuɗinsa tun damina a karɓa da kaka. Ita da kuɗi, hannu da hannu ne a zama ɗaya, kuma takardun sefa da naira suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a wannan babi, kamar yadda majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Amman a 1986. Jinkirin ɗayan biyun riba ce, ko da kowa ya yarda. Ka ƙara duba ta wani ɓangaren: mutumin da ya karɓi kuɗinka yana cikin yunwa ne ya amince da farashin, ya shiga rami da bashi a wuya, idan giram ya tashi kai ka ci, idan bai samu komai ba bashin na nan. Irin wannan ne ke sa mutum ya ƙi fitowa ko ya ji ƙasa na zuba.

Mafita ba ta da wuya. Ko dai ka ranta musu tsantsar rance, jika ɗari ta dawo jika ɗari, ba tare da sharaɗin sai kai za su sayar wa ba. Ranar da suka zo da zinariya, idan sun ga dama su sayar maka a farashin wannan ranar, a cire bashin idan lokacinsa ya yi, ka cika musu sauran kafin ku tashi. Ko kuma ka ɗauke su aiki da lada sananne, ramin ya zama naka da izinin hukuma, riba da hasara duk a kanka. Yaronka da ke can ya riƙe kuɗi a hannu, ko a tura ta waya ya shiga kafin su rabu. "Zan turo gobe" bai wadatar ba. Alkawuran da ke tsaye yanzu ka warware su, ka karɓi uwar kuɗinka kawai. Na baya da ka yi cikin rashin sani ka nemi gafara, kuma mafi tsantseni ka mayar da rarar ga waɗanda ka san inda suke. Wadda ka rasa masu ita, ka fitar da ita daga dukiyarka ta tafi ga amfanin jama'a, kuma ginin aji na cikin wannan.

Yanzu batun nawa. Babu humusi a kanka. Wancan malamin ya ɗauko maganar Hanafiyya ne, su da ke ɗaukar ma'adini da rikazi (dukiyar mutanen da da aka tsinta a binne) abu guda, kuma ko a wurinsu a kan mai haƙa yake, ba mai saye ba. A mazhabar Malik, wanda ya haƙo zinariya ta kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85, zai fitar da ɗaya bisa arba'in ranar da ta fito aka tace ta, ba ya jiran shekara. Haka Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa a sarari. Humusi sai a kan nadara, dunƙulen da aka tsinta tsarkakakke ba tare da wahala ko kashe kuɗi mai yawa ba. Kai mai saye ne, hukuncinka na ɗan kasuwa ne: ranar da shekararka ta zagayo, ka auna tsantsar zinariyar da ke hannunka, ka haɗa da kuɗin da ke aljihu da banki da bashin da kake sa ran za a biya, ka cire bashin da ake binka idan ba ka da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa, ka fitar da 2.5 cikin 100. Mai giram 200 zai ba da giram 5 ko kimarsu. Idan ka koma mai rami da ƴan aiki, to sai hukuncin mai haƙa ya hau kanka.

Sai ginin. Ba a gina aji da zakka, kuma idan ka yi, zakkar na nan a wuyanka sai ka sake fitarwa.

Na san maganar da aka gaya maka ba daga iska aka ɗauko ta ba. Imam Razi ya hakaito daga Kaffal cewa wasu malamai sun buɗe "fi sabilillahi" ga duk aikin alheri, har likkafani da gina masallaci. A ƙarnin da ya wuce manyan malamai irin su Rashid Rida da Shehu Mahmud Shaltut na Azhar sun karkata ga faɗaɗa ta zuwa maslahar jama'a. Mutane ne masu daraja, da kyakkyawar niyya. Amma maganar ba ta tsayuwa idan aka taɓa ta. Waɗancan "wasu malamai" ba a ambaci sunansu ba, ba a kawo hujjarsu ba, ga kuma mazhabobi huɗu a ɗaya gefen. Ayar Tauba ta 60 ta buɗe da "innama", kalmar da ke rufe ƙofa, sannan ta ƙirga gida takwas da ake kai zakka. Idan na bakwai, wato fi sabilillahi, ya haɗiye duk wani alheri, mene ne amfanin ƙirga sauran bakwai ɗin? Ciyar da faƙiri ai alheri ne, ƴanta bawa alheri ne, da sai a ce fi sabilillahi a yi shiru. Shehu Halil, babban malamin Malikiyya, ya kai matuƙa a nan, domin bayan ya ambaci mayaƙi da makaminsa sai ya ce ban da ganuwa da jirgin ruwa. Ka duba fa, ganuwar da ke kare rayukan mutanen gari daga maƙiyi, ita ma bai yarda a gina ta da zakka ba a mashhurin mazhaba. To ina ga bangon aji?

Masu faɗaɗawa suna cewa jahilci maƙiyi ne, yaƙarsa jihadi ne. A wa'azi wannan magana daidai ce, ni ma ina faɗar ta. Amma ba a sauya wurin da Allah ya ajiye haƙƙin wani da salon magana. Zamanin Annabi (SAW) akwai bukatar masallaci, akwai ta ruwa, akwai ta karatu, kuma zakka na shigowa. Masallacin Madina ba da ita aka gina shi ba. Rijiyar Ruma Sayyadina Usman ne ya saye ta da kuɗinsa. Koyar da yaran Madina rubutu, fursunonin Badar aka sa, ya zama fansarsu. Da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu Yaman, cewa ya yi a karɓa daga mawadatansu a mayar ga matalautansu. Ajin da za ka gina ɗan talaka zai zauna, ɗanka ma zai zauna, kai da bai halatta ka ci zakkarka ba. Sannan ka tambayi kanka daga bakin wa kuɗin zai fito. Zakkarka ta bana akwai gidajen da suka saba jiran ta, akwai wadda mijinta ya tafi rami bai dawo ba. Idan ka mayar da ita siminti, talaka ne ya gina ajin da abincinsa, sunanka kuma ya hau allo.

Akwai wani abin da ke sa ni ƙara tsanantawa a kan wannan fatawa musamman a ƙasarmu. Ginin makaranta yana da aljihunsa a shari'a. A wurin Malikiyya hukuncin ma'adini na hannun shugaba ne, ko a gonar wani ya fito, yana bayar da shi ga wanda ya ga dama ko ya riƙe, amma don maslahar Musulmi gaba ɗaya, ba don kansa ba. Humusin nadara da na rikazi ma can suke tafiya. Ma'ana, yuraniyom ɗin Arlit da aka shafe fiye da shekara 50 ana fitarwa, da man Agadem da ake tacewa a Damagaram tun 2011, wanda kuma ya fara bin bututu zuwa gaɓar tekun Benin a 2024, da zinariyar Samira da ta Jado, duka dukiyar jama'a ce da aka ba hukuma amana. Ko tsarin mulkin 2010 ya rubuta cewa arzikin ƙarƙashin ƙasa na al'ummar Nijar ne, ya kuma sa ilimi cikin wuraren da za a fara zuba shi. Yaron da ke zaune a kan yashi ƙarƙashin zana yana da kaso a wannan tun kafin a zo kan zakkar kowa. Duk lokacin da malami ya ce a toshe ɓarakar da zakka, ya sauƙaƙa wa wanda nauyin ke kansa, ya ɗora wa wanda ba shi da komai. Ku a komiti ku rubuta, ku je wurin hukumar gari da masu kula da ilimi na jiha, ku koma, ku sake komawa, cikin ladabi ba tare da gajiya ba. Neman haƙƙi ne, ba roƙo ba.

Wannan hukuncin kuma yana da baki biyu, ɗaya na kallonka. Tunda ma'adini na hannun hukuma, bin dokarta a kansa wajibi ne: takardar izinin saye, harajin da aka sa, da barin duk wurin da aka rufe, kamar yadda aka yi umarnin rufe na Ɗan Isa bayan ruftawar. Ba zai yiwu mutum ya tsallakar da zinariya ta ɓarauniyar hanya ba, sannan ya dawo yana tambayar ina kuɗin makaranta suka shiga. Ban ce kana yi ba. Na faɗa ne domin na san kasuwar.

To yaya za a yi ajin ya tashi? Ka gina shi da tsabar dukiyarka, sadaka mai gudana, ladanta ya fi daɗewa. Idan biyu sun yi maka nauyi, gina ɗaya bana, ka fara da na ƙananan yara, su ne ba su iya gudu. Alhazan garin nan sun gina masallatai da ba su ƙirguwa, ka tara biyar daga cikinsu ka nuna musu rumfar da idonsu. A yi takarda da hukumar lakwal tun farko, a san filin na wane ne, a sa ƙofa mai buɗewa waje da tagogi masu faɗi. Zakkar kuma tana da hanyar da za ta taimaki karatun ba tare da an karya doka ba. Ka ba iyayen yara matalauta a hannunsu, ta zama mallakarsu, su sayi littafi da alƙalami da takalmi ko su sayi hatsi, yadda suka so. Mushe, wato malamin lakwal, da ke aikin kwantiragi, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata, ana ba shi da sunan talauci ko bashi, ba da sunan ladan koyarwa ba. Sai dai kada ka ba mutum da sharaɗin ya mayar da ita asusun gini. Wannan dabara ce, kuma Allah ba a yi masa dabara.

Abu na ƙarshe ba ka tambaya ba, amma ba zan iya shiru ba. Ka bincika wa ke shiga ramukan da kuɗinka ke ciyarwa. Da yawa yara ne da suka bar aji, domin ƙaramin jiki ya fi shiga ƙuntataccen rami, wasu kuma suna daka dutse suna wanki da zaiba da hannu tsirara. Maƙwabtanmu na Zamfara sun binne yara fiye da 400 a 2010 saboda gubar dalma da ta biyo dutsen zinariya har cikin gidaje. Ka ba yaranka umarni yau, kada su sayi ko giram ɗaya daga ramin da ake sa ƙananan yara, kuma idan sun tarar da ɗan garin nan a can su sa shi a mota, kuɗin motar a kanka.

Allah ne mafi sani.