Tambaya da Amsa: Me ya sa 720,720 take rabuwa da lambobi da yawa haka?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ni ɗaliba ce a Aboabo, Kumasi, ina shirin jarrabawar WASSCE. Malaminmu na lissafi ya rubuta 720,720 a allo, ya ce duk lambobin da ke tsakanin 1 da 16 suna raba ta ba saura, kuma lambobi 240 ne ke raba ta gaba ɗaya. Ta yaya ake gane haka ba tare da an gwada su ɗaya bayan ɗaya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yarmu, Allah ya ba da sa'a. Maganar malaminku daidai ce. Ki dubi siffar lambar da kyau: 720 ce aka rubuta sau biyu a jere. Duk lamba mai alƙaluma uku da aka maimaita haka, ninka ta aka yi sau 1,001, ita kuwa 1,001 ita ce 7 × 11 × 13. Sai ki farfasa 720: 16 × 9 × 5. Kin ga a cikin 720,720 akwai 2 sau huɗu, 3 sau biyu, sai 5, 7, 11 da 13 sau ɗaya-ɗaya. Waɗannan su ne lambobin asali, waɗanda ba mai raba su sai 1 da su kansu.

Daga nan komai ke fitowa. 12 tana buƙatar 2 sau biyu da 3, akwai su. 14 tana buƙatar 2 da 7, akwai su. Da ƙyar 16 ta shiga, don ta cinye dukkan 2 ɗin nan huɗu. Shi ya sa rabin lambar, wato 360,360, ke tsayawa a 15, in kin raba ta da 16 sai 8 ta yi saura. Babu wata lamba ƙasa da 720,720 da ke ɗaukar 1 zuwa 16 duka. A 17 ne ta gaza, 5 ke saura.

Wajen ƙirga masu raba ta ne ɗalibai ke yawan faɗuwa. Sukan ɗauki adadin fitowar kowace lambar asali, su ninka 4 × 2 × 1 × 1 × 1 × 1 su sami 8. Kuskuren shi ne sun manta ana iya barin lambar asali ba a ɗauke ta ba sam, wannan ma zaɓi ne. Don haka a ƙara 1 a kan adadin fitowar kowace kafin a ninka: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Kada ki haddace wannan ki bar dalilinsa, dalilin ne zai cece ki ranar jarrabawa.

Duk lambar da ke ƙasa da ita, masu raba ta ba su kai 240 ba. Irin waɗannan lambobi ne masanin lissafi ɗan Indiya, Ramanujan, ya yi nazarinsu a 1915. Kuma in kin tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, za ki sami 2,529,072, wato fiye da ninkinta uku.