Kar ki bar masa kujerar Baba ki koma gida

Assalamu alaikum 'yar uwa. Tun da safe na ga tambayarki, na kasa wucewa. Kin ce kujerar mahaifinki ce, Allah ya jiƙansa, mazauninta ya lotsa, yadin ya yage, ƙafa ɗaya tana rawa, kuma mai gyara ya ce a kwashe duk abin da ke cikinta a zuba soso. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don da irin wannan maganar aka cuce ni.

Tamu Baba ya saye ta ne a hannun wani Bafaranshe da zai koma ƙasarsu, wajajen 1960 da aka samu 'yancin kai. A zauren gidanmu na unguwar Birni, nan Damagaram, take tun ina yarinya. Hannunta na dama ya yi sulɓi, ya yi duhu, daidai inda Baba yake ɗora tafinsa idan yana jan carbi bayan la'asar. Bayan rasuwarsa na ce bari in gyara ta in ajiye a ɗakina. Aka haɗa ni da wani mai gyaran kujeru, ya ce Hajiya kwana huɗu ki dawo, ba za ki gane ta ba. Ashe gaskiya ya faɗa.

Ranar da na koma, tun daga bakin shagon na hango wani tuli a ƙasa, akuya tana jan shi da baki. Na matsa, sai na ga gashin doki ne da audugar rimi da suka fito daga cikin kujerar, ga ƙarafunan nan masu naɗi da ke sa ta lotsawa ta dawo an watsar gefe, yara sun kwashi wasu. Na shiga ciki. Ya kankare katakon tas, ya mulka masa baƙin fenti mai ƙyalli. Na kai hannu inda Baba yake ɗora nasa, babu komai, fenti kawai. A nan na zauna kan benci na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Shi ko yana tsaye yana ce mini ai ya fitar da datti ne, in gode masa. Ƙafar da ke rawa kuwa doguwar ƙusa ya buga mata har biyu, katakon ya tsage. Jaka 35 ta sefa ya karɓa, ko kunya babu. Har yau idan na bi ta layin nan sai in kau da kai. Na yafe kuɗin, amma hannun kujerar nan na kasa yafewa, Allah ya gani.

Soson kuma bazara biyu ya yi. Kin san zafin Damagaram a watan Afrilu, ya haura 40, soso mai arha ba ya jurewa, marmashewa yake ya zama gari. Gashin dokin da ya zubar ya fi shekara 60 yana aiki. Daga baya wani dattijon kafinta a Zango ya gaya mini ana wanke shi da sabulu, a shanya, a tsefe, a mayar, ya koma kamar da. Shi ya ceto mini abin da ya rage.

To ke dai kafin komai ki kifa kujerar ki duba ƙasanta. Sau da yawa lotsawar nan ba daga abin da aka cusa ba ne. Akwai faffaɗan ɗamara irin ta buhun algarara da aka saƙa a ƙasa, ita ke riƙe ƙarafunan, kuma akwai igiyar da ta ɗaure su da juna. Idan ɗamarar ta ruɓe ko igiyar ta tsinke sai mazaunin ya faɗa. Waɗannan kawai za a sake. Ki ɗauki hoto a kowane mataki, kuma duk abin da aka cire, har tsohon yadin, a zuba miki a buhu ki tafi da shi, da shi ake auna sabon.

Ƙafar nan kar ki yarda a buga mata ƙusa, don Allah. Iskar hunturu ce ke busar da katako, mahaɗar ta saki. Zarewa ake yi a hankali, a kankare tsohon gam, a sa sabo, a ɗaure tamau ta kwana. Ki kuma ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa, in kin ji holoƙo ko kin ga ƙasa ta manne a jiki, gara ta shiga, sai an yi maganinta tukuna. Mu da muke ajiye kaya a ɗakin ƙasa, ki ɗora ƙafafun a kan wani abu, kar ta jingina da bango.

Abin da ke ƙona mini rai, mu ne fa garin dukawa da majema. Fatar da ake jemewa da bagaruwa a nan, ko ta jar akuyar Maraɗi, har ƙasashen waje ake nemanta, amma sai ki ga an lulluɓe kujerar kakanni da leda mai kama da fata da ke ɓarewa cikin shekara. Haka wasu magada suke sayar da akwatuna da tasoshin iyayensu a kasuwar Dole da kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba. Ni da zan sake, fatar gida zan sa, duk da dai ta akuya ƙarama ce, sai an haɗa biyu ko uku. In yadi kike so, ki nemi mai kauri na auduga.

Katakon kuwa tsumma mai ɗan danshi da kakin zuma sun ishe shi, kar a kawo masa fenti ko injin gogewa. Ranar aikin ki ɗauki tabarmarki ki zauna a shagon, ko ki sa ya zo gida ya yi a gabanki, ko da zai ƙara kuɗi. In ya ƙi, ki ɗauke kayanki.

Ki turo mana hoton ƙasanta da na ƙafar nan, in nuna wa dattijon gobe in Allah ya kai mu.